Duriyan Uku a Bakin Titin Tsere

Zarto mai hannu biyu. Gatari biyu. Igiya. Gwangwanin jan fenti. Sarƙar awo. Takarda mai hatimin Kulob ɗin Motoci, da kwalbar tawada don dangwala yatsa. Gwangwanin biskit na Ingila, tsarabar tsohuwa.

Kayan da ke cikin akori-kurar ke nan sa'ad da ta haye gadar Sungai Lesung. Masu sara biyu suna baya. Baharom yana gaba da taswira a cinya, Perumal direba yana tuƙi kamar wanda ya ɗauko ƙwai.

Perumal, da ke kiransa Encik, wato Malam, ya ce, "Encik, a daidai nan ne motocin za su ci mil ɗari a awa?"

"Ɗari da ashirin."

"To. Shekarata ashirin ina bin titin nan, ban ga abin da ke ƙarshensa da ya isa a yi masa wannan saurin ba."

Baharom ya gyara taswirar a cinyarsa. Shekara tara ya yi a Glasgow, ya dawo da takardar injiniya da kwat da ba ta sawuwa a zafin nan. Bara Turawan gonakin roba suka kafa kulob, suna son tsere irin na ƙasarsu a kan titunan garin. Kowannensu ya iya taka mota, babu wanda ya iya awo, sai suka ba shi kujera a ƙarshen tebur. Shi ya zana zagayen, mil uku da rabi, daga kasuwa ya bi ta bayan tasha ya dawo. A tsakiya akwai miƙaƙƙen titi na mil guda da kwata, wanda yake kallo a taswira kamar ɗan da ya haifa. Ranar ma shi ya zaɓa. Ya binciki littafin ruwan sama na shekara talatin, ya ce Yuli ta fi bushewa. Kwamiti ya tafa masa.

Babu wanda ya tuna cewa a Yuli duriyan ke zuba, ɗan itacen nan mai ƙaya da ƙarfin wari. Turawa ba sa ci. Shi kuwa, da aka haifa a gindinsa, ya tambayi littafi.

Makon jiya wani manajan gona ya fito gwaji. Duriyan ɗaya ya faɗo gabansa, girman kan mutum, ƙaya ta ko'ina. Taya ta fashe, manaja ya tsinci kansa zaune cikin fadamar shinkafa. Sakataren kulob, Baturen da ake kira Tuan Pennick, wato Yallaɓai Pennick, bai ja magana ba: bishiyoyi ukun da suka rufa kan titin su kwanta kafin Asabar, ko a miƙa aikin ga wani injiniya a goge sunan Baharom daga littafin shirin tsere. Baharom ya ce ba komai, ai gonarsu ce.

Tasu ce, idan ana nufin matan gidan. A jiharsu ta Negeri Sembilan gadon ƙasa ɗiya mace yake bi, namiji sai dai ya ci 'ya'yan itace ya gode. Mahaifiyarsa ta rasu ba ta bar mace ba, don haka bishiyoyinta uku suna hannun yayarta, Mak Long Sinah, wato babbar inna Sinah.

Suka same ta zaune a kan matakalar gida tana fasa duriyan da adda. Ta dubi zarton, ta dubi biskit, sannan ta dube shi.

"A'a, Tuan Injiniya da kansa! Perumal, sauko mana, ka kawo mini babban baƙo."

Baharom ya durƙusa ya sumbaci hannunta. "Mak Long, mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau. Wannan na gwangwanin nawa ne, wancan mai haƙoran kuma na uwarka?"

"Mak Long, uku ne kawai. Rassan sun shiga kan titi. Mutum zai iya mutuwa."

"Shekara sittin suna zuba a titin nan. Keken shanu ya bi, ɗan sanda ya bi, sojan Japan ma ya bi. Kowa ya san watan, sai ya ɗaga kai ya raɓa ta gefe. Naka mutanen ba su da wuya ne?"

"Gudu suke yi."

"Wa ya biyo su?"

Perumal ya shaƙe da dariya, ya juya yana duba tayar da ba abin da ya same ta.

Baharom ya shimfiɗa taswira a kan matakala, ya fara bayani. Za a zo daga Singapura, daga Penang, har daga Bangkok. Za a buga sunan garin a jarida. Babu miƙaƙƙen titi irin wannan a duk ƙasar. Ta bar shi ya gama, tana lasar yatsa.

"Wa ya zaɓi watan?"

Ya hau nannaɗe taswirar.

"Na ce wa ya zaɓa, Om?" Haka take gajarta sunansa tun yana yaro.

"Ni ne."

"Madalla da karatu." Ta goge hannu a zane. "Miƙo tawadar. Zan dangwala. Na uwarka ne, ba nawa ba, ni tsaro kawai nake yi. Amma waɗancan biyun ba za su fara ba. Kai za ka cire wannan kwat ɗin, ka kama zarto, ka ja na farko. In ya shiga jikin itace, su ƙarasa."

Ta dangwala, ta miƙa masa takardar, ta tura masa ɓarin duriyan gabansa. "Ci. Na bishiyar tsakiyar ne, wadda muke kira Si Kunyit. Gobe war haka sai dai ka ba da labarinsa da Turanci."

Ya ci ɗaya don kada ya yi rashin kunya. Rabonsa da shi shekara goma. Ya ci na biyu ba tare da wani dalili ba. Sannan ya cire kwat, ya ɗauki fenti, ya je ya zana jan gicciye a jikin kowace bishiya. Mutum uku ba su iya rungume ta tsakiyar ba. A bayansu ya lura da tsohuwar hanyar keken shanu, wadda ta kauce wa gonar ta yi baka ta sake haɗuwa da titi yadi ɗari biyu a gaba. A taswira ɗigo-ɗigo ce kawai. Ya ƙididdige a ka: in an bi ta can, miƙaƙƙen titinsa ya rabu gida biyu, ya zama titi kamar na kowa.

Ya kama hannun zarto.

Daidai nan koriyar motar Tuan Pennick ta iso da ƙara. Ya fito riƙe da hankici a hanci.

"Baharom! Har yanzu a tsaye suke? Wannan wari kuma, wani abu ne ya mutu?"

"Yanzu za mu fara, Tuan."

"Da kyau. Sare su duka ma, mutanenka sa dasa wasu. Duba, an kawo samfurin littafin daga maɗaba'a."

Baharom ya saki zarto ya karɓa. Ga zanensa a shafin tsakiya, layi bai kauce ba. A kan dogon titin an rubuta da manyan baƙaƙe: Miƙen Marjorie.

"Matata ce," in ji Pennick. "Kwamiti ne ya matsa. Ka san ita za ta miƙa kofi. Kai ma kana ciki, duba baya."

Ya juya. A shafin ƙarshe, ƙarƙashin kamfanin da zai kawo ƙanƙara da matan da za su dafa shayi, an gode wa Encik Baharom, mai gona, da ya ba da bishiyoyinsa.

Mak Long ba ta jin Turanci, amma tana karanta fuska. Daga kan matakala ta ɗaga murya. "Om, me aka rubuta? An sa sunanka?"

"An sa, Mak Long."

"An ce me?"

"An ce ni ne mai gona."

Tsohuwa ta yi dariya har da dafa gwiwa. "Oho! Shekara tara a ƙasar sanyi, ashe gona ka je gadowa. Perumal, ka ji? Turawa sun ba shi abin da kakarsa ta hana shi."

Wani abu ya ratso ganye daga sama. Kowa ya ja da baya, ban da Pennick. Duriyan ya dira a kwalta taku uku daga motarsa, ya tsage, ƙamshi ya tashi. Pennick ya dubi 'ya'yan itacen, ya dubi fentin motarsa, ya ce lokacinsa ya ƙure.

Baharom ya ninke takardar da aka dangwala, ya sa a aljihun wando. Ya ce wa masu sara su mayar da zarto mota, su sauko da sarƙar awo, za a auna tsohuwar hanyar keken shanu. Sannan ya raka Pennick, ya riƙe masa ƙofa kamar yadda ya saba tun ranar da aka ba shi kujera.

Pennick ya zauna ya ce, "Asabar, Baharom. Ka san sharaɗin."

"Na sani, Tuan. A goge sunan, dama ba nawa ba ne. Sabon injiniyan ya zo ya nemi yatsan tsohuwa da kansa, ina yi masa fatan alheri."

Ya tura ƙofar ta rufu.

"Bishiyoyin suna nan. Titin ne zai sha kwana."