Sito Ba Shi da Rabo

Kwamfutar hannu. Wayar haɗi mai kamu shida. Sukudireba. Gorar ruwa. Takarda ɗaya mai dangwalen yatsa uku, a naɗe cikin leda. Iyakar abin da Raudatu ta ɗauko daga Kano ke nan, duk a jakar da ke bayanta, babur yana tsalle da ita a hanyar da ta bar Makoda ta yi arewa.

Tsakiyar marka ce. Gero ya fi mutum tsawo, gona na bin gona, babu fili ko na shanya, sai layin gamba da ke nuna inda ta wane ta ƙare, ta wane ta fara. Mako biyu rana ba ta fito sosai ba. Mayafinta ya yi danshi alhali ko yayyafi ba a yi.

Takardar daga baffanta ta zo, Malam Sha'aban, shugaban ƙungiyar manoman ƙauyuka uku: Ɗorawa, inda aka haife ta, da Kanyar Tudu, da Gidan Dogo. Abu biyu ƙungiyar ta mallaka. Akwai sito mai buhu ɗari uku na masara da gyaɗa, waɗanda ba a taɓawa sai ƙarshen marka, lokacin da rumbunan gida suka kwashe, sabon hatsi kuma bai nuna ba. Akwai kuma babbar kwamfuta a wani ɗan ɗaki jikin siton, mai aiki da hasken rana. Raudatu ce ta kafa ta shekara biyu da suka wuce, da ta dawo daga karatu. Manomi zai ɗauki hoton ganyen da ya canja launi ya tura, ta faɗa masa cutar. Ita ce kuma take karanta ma'aunin danshi da ke cikin sito, in ya yi yawa ta tayar da fankoki.

Kwamfutar tana da ƙwayar sarrafa aiki guda goma. Hannu goma Raudatu ta ce wa dattawa a wancan lokacin, sunan ya zauna. Babbar manhajar tana bari a raba hannuwan rukuni-rukuni, a ɗaure kowane aiki a nasa, kada ya shiga na wani. Da wani laburare ake yi, wato tarin umarni da aka riga aka tanada, mai rubuta shiri ya riƙa kiran su ɗaya bayan ɗaya. Raudatu ta ware wa sito hannu biyu. Takwas ta bari a rukunin asali, inda duk aikin da ba shi da gida yake faɗawa. Shi ta sa wa suna gandu.

Bana tsutsa ta faɗa wa masara. Hotuna suka yi yawa, amsa ta riƙa daɗewa, kowane ƙauye ya ce na kusa ne ke cinye injin. Aka zauna sau uku, na ƙarshe har Kanyar Tudu ta ce za ta kwashe buhunanta ta fita. Nan aka yanke a raba injin kamar gona: uku-uku ga kowane ƙauye, ɗaya a gandu. Abin da takardar ta ce ke nan.

A ƙofar sito ta sauka. Kwaɗo uku ne a jikin ƙofar, kowane ƙauye da nasa makulli, ba a buɗewa sai duk ukun suna tsaye. Baba Yaro, mai gadin wurin, dattijo daga Gidan Dogo, yana kan benci yana fiƙe ƙotar fartanya. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"'Yar Ɗorawa, kin zo," ya ce. "Kasa kunne."

Ta kasa. Kwaɗi a kududdufi, wata mata tana daka can nesa.

"Ban ji komai ba, Baba."

"To ni ma. Kwana goma sha ɗaya ke nan fankar nan ba ta yi kuka ba. Bara war haka ba ta bari in yi gyangyaɗi."

"Ka faɗa musu?"

"Na faɗa. Suka ce lamba lafiya take. Ke ma da bakinki kika ce mini in yarda da lamba."

Haka ta ce, ta tuna.

Zaharaddini, sakataren ƙungiya, ya fito daga ɗakin kwamfuta. Ajinsu ɗaya a firamare, ya yi difloma a Kano, shi ta bar wa kalmar sirrin kwamfutar. "Injiniya ta iso. Sai da aka haɗa da dangwalen yatsa kafin ki tuna hanya."

"Hanyar ce ta manta da kwalta. Me ka taɓa?"

"Aikin duk na gama miki shi. Abin da ya rage ki zaunar da shi."

Suka shiga. Ta jona wayar haɗi, ta buɗe shirin. Tsarin rabo iri biyu ne: akwai wanda yake aiki a yanzu, akwai wanda yake rubuce a fayil, wanda injin ke ɗauka duk sanda aka kashe aka kunna. Tsarin yanzu kawai Zaharaddini ya canja. Yana tsoron ranar da batir zai mutu, injin ya tashi da tsohon tsari, iyakoki su shafe. Dalilin kiranta ke nan.

Ta karanta layukansa. Aiki ne mai tsabta. Ya buɗe tsari, ya ƙirƙiri rukuni uku, kowanne mafi ƙaranci uku, mafi yawa uku, ba ƙari ba aro. Ya ɗaura wa kowanne hotunan ƙauyensa. Kafin wannan duka akwai layi ɗaya, gajere, wanda ya rushe rukunin sito.

"Wannan fa?"

"Hannuwan ba su kai ba sai da shi. Kuma ba ya cikin takarda."

"Aikin awon danshi ya tafi ina?"

"Yana nan, bai mutu ba. Na duba. Laburaren da kansa ya mayar da shi gandu."

Gaskiya ne, haka laburaren yake yi. Sai dai gandu yanzu hannu ɗaya ne, kuma ta nan kowane hoto yake bi kafin a kai shi rukunin ƙauyensa, ta nan saƙon waya yake fita. Ayyukan da ke layin jiran hannun nan ɗaya sun fi ɗari huɗu. Mai awon danshi yana cikinsu.

Ta ɗaga kai ta dubi allon da ke bango, mai nuna awon danshin sito. Hamsin da takwas.

"Jiya nawa ne?"

Zaharaddini ya buɗe littafin da yake rubuta awo kowace safiya. Hamsin da takwas. Shekaranjiya ma haka. Ya riƙa juya shafi baya, yatsansa yana sassautawa, har ya kai ranar da ya yi rabon. Gabanta lambobin suna hawa suna sauka kamar kowace shekara.

Raudatu ta san dalili, domin ita ta rubuta shi. Idan mai awo bai samu karatu cikin daƙiƙa biyar ba, ya riƙe lambar ƙarshe ya jira zagaye na gaba. Ta yi haka ne don kada fanka ta riƙa tashi a banza. A lokacin yana da hannu biyu nasa, bai taɓa makara ba, ba ta ko yi tunanin sa masa ƙararrawa ba.

Ta rubuta layi huɗu a kwamfutarta, ta tambayi ma'aunin kai tsaye. Ya ɗan jima.

Tamanin da huɗu.

Ta fita ta zagaya bayan sito, inda tagar iska take sama da kanta. Ta taka dutse ta kai hancinta. Warin bai yi ƙarfi ba tukuna. Kamar tabarmar da aka naɗe da jiƙa aka manta da ita.

Da ta dawo ta tarar da baffanta ya iso daga gona, laka har ƙauri. Ta gaishe shi, ta faɗa masa a taƙaice. Ya saurara yana kallon allon bango, wanda har yanzu yake cewa hamsin da takwas.

"A buɗe sito, Baffa. Makunnin fanka yana ciki, da hannu ma ana iya tayar da ita."

"Zachariah mai makullin Gidan Dogo yana Ungogo, wurin bikin 'yarsa. Sai jibi."

"A fasa kwaɗonsa."

"Ranar da aka fasa kwaɗon wani ƙauye ba ya nan, ranar ƙungiya ta mutu. Ko buhu bai ɓata ba za a ce ya ɓata."

"To a mayar wa sito hannunsa."

Malam Sha'aban ya zauna a kan kujerar roba. "Rauda, mun yi rabon nan yadda ake yi tun kakanni. Aka kirga masu haƙƙi, aka ba kowa nasa, aka bar hanya a tsakiya. Sito ba mutum ba ne. Kin taɓa ganin an raba gado an ba rumbu kaso?"

"Rumbu ba ya buƙatar kowa ya hura masa iska. Wannan yana buƙata."

"Ba mu sani ba."

"Ni ya kamata in faɗa muku. Ban faɗa ba."

Zaharaddini ya ce, a hankali, "Tsohon tsarin yana nan a fayil. Kashewa da kunnawa kawai."

"Ya shafe iyaka uku ke nan," in ji baffan. "Kafin la'asar Kanyar Tudu sun ji. Samarinsu kullum suna auna daɗewar amsa da agogo. Mako uku na yi ina bin gida-gida kafin a dangwala yatsun nan."

Raudatu ta dubi takardar a kan tebur. Yatsan baffanta ne na farko, ya fi sauran duhu. Ta san abin da masara mai ruɓa take yi, ta gani a ɗakin gwaji: wani kore-kore a tsakanin ƙwaya, wanda wanki ba ya fitarwa, dafuwa ba ta kashewa. Gyaɗa ta fi saurin kamawa. Kuma ta san ba za a zubar ba. A ƙarshen marka babu gidan da zai zubar da masara saboda wari. Za a sheƙe, a niƙa, a tuƙa wa yara.

"Akwai wata hanya," ta ce. "Ba zan taɓa na Kanyar Tudu ba, ba zan taɓa na Gidan Dogo ba. Zan ɗauki biyu daga na Ɗorawa in ba sito."

"Ɗorawa ta rage da ɗaya?"

"Har a buɗe sito a raba."

"A cikin tsutsar nan? Mutum ya tura hoto da safe ya samu amsa da yamma?"

"Ko gobe."

"Cin iyaka ke nan, ko ta gidanku ce." Muryarsa ba ta ɗaga ba. "Kin san yadda ake kallon wanda ya matsar da gamba a garin nan. Ke za ki hau babur ki koma Kano. Ni ne zan shiga masallaci a ce ga wanda ya sayar da rabon garinsu, kuma da hannun 'yar ƙaninsa. A jira jibi. Zachariah ya dawo, a zauna, a sake takarda."

"Jibi kwana goma sha uku ke nan."

"Na iya lissafi."

Baba Yaro ya leƙo ta ƙofa, fartanyar a hannunsa. "Malam, hadari ya haɗo ta gabas."

Duk suka duba. Sama ta yi baƙi a kan gonakin Kanyar Tudu, gero ya fara kwanciya gefe ɗaya. Idan ruwa ya sauka hasken rana zai ɗauke, batir kuma ba ya ɗaukar fanka shida sai ya cika. Abin da za a samu yau, yanzu ne.

Malam Sha'aban ya miƙe ya fita ya duba hadarin da kyau, Zaharaddini ya bi shi yana wata magana a kan kiran Zachariah a waya. Raudatu ta jawo kujera. Layukan ba su da yawa: a buɗe tsarin yanzu, a rage Ɗorawa zuwa ɗaya, a ƙirƙiri rukunin sito da biyu, a ɗaure mai awo a ciki, a tabbatar. Ta rubuta su duka ban da na ƙarshe. Ta ƙara ɗaya, wanda zai sa allo ya yi ja idan karatu ya makara.

Baffanta ya juyo ya gan ta ta ƙofa.

"Raudatu. Ban ba ki izini ba."

Ta tashi ta zo bakin ƙofa. "Na ji, Baffa. Ka faɗa musu ka hana ni, Zaharaddini da Baba Yaro shaida ne. Sunana za a gani a jikin canjin, da lokacin."

Ta ja ƙofar ta rufe, ta sa sakata. Ta bayan ƙofar ƙarfen ta ce, "Zan ɗauki biyun Ɗorawa. In kun ji fanka ta tashi, ni ce."