Salef Mai Warin Bunsuru

Nurhayat ta dawo ƙauye a farkon Oktoba, bayan aikin gyaran ɗakuna ya ƙare a otal ɗin bakin teku. Ko jakarta ba ta ajiye ba wani wari ya ja ta har ƙarƙashin gadon babanta. Gwangwanayen man zaitun ne guda bakwai a jere. Ta jawo ɗaya. Ƙasa ce baƙa da ruɓaɓɓen ganye, farar funfuna ta yi yaɗo a kai kamar yanar gizo. Wani ƙwaro mai ƙafafu barkatai ya fito ya sake shigewa.

"Baba! Wannan ƙazantar fa? A kanta kake kwana?"

Baba Hurshit yana zaune a tsakar gida da ƙullin kayansa, yana jiran bas. Asibitin birni zai tafi a yi masa aikin ƙugu, daga nan ya yi jinyar wata biyu a gidan ɗansa.

"Sannu da zuwa, likitar tsintsiya. Salef ne. Bunsuru."

Ta yamutsa fuska. Ta san shi. Duk salef ɗin da mutanen ƙauyen ke haƙowa a duwatsu, su busar, su niƙa, a dama da madara lokacin sanyi, furensa ba ya damun kowa. Shi wannan kuwa idan ya yi fure sai ka rantse bunsuru ne ya kwana a wurin. A Tudun Karaja kaɗai yake fitowa, kuma ba a cika ganinsa ba.

"Tudun fa babu shi," in ji Baba. "Masu yankan dutse sun cinye. Ana gobe motocinsu za su hau na je na tono waɗannan. Na bi duwatsun nan kaf, ban ga na takwas ba. Yanzu barci suke. Idan ba su fid da saiwa kafin ƙanƙara ta sauka ba, ruɓewa za su yi, shi ke nan an gama da irinsa."

"To ni me zan yi musu?"

"Ɗan yayyafi sau ɗaya a mako. Kada su ji zafi, kada su daskare."

"Digiri nawa ke nan?"

"Ni na san wani digiri? Inda mutum zai sa riga biyu amma ba zai hura wuta ba."

Bas ya yi oda, Baba ya ɗingisa ya tafi.

Washegari Nurhayat ta sa safar roba. Wata shida tana goge bayan gida har ya yi ƙyalli, ba za ta zauna da juji a cikin ɗaki ba. Ta zazzage gwangwanayen. A cikin kowanne akwai ɗan dankali guda, bai fi ƙwan tattabara ba, da ɗan tsiro a ka. Ta wanke su a famfo, ta goge da tsohon buroshi har suka yi fes. Gwangwanayen ta dirje su da sabulu, ta cika da ƙasar leda mai tsabta da ta sayo a kanti. Tsohuwar ƙasar kuwa ta kwashe a bokiti ta watsar a bayan garken awaki, ta zo ta bulbula wa hannunta turaren lemo. Sannan ta jera su a kan kanta kusa da murhu, inda idonta zai riƙa ganinsu.

Mako uku ba abin da ya motsa. Ranar da ta tona ɗaya ta duba, yatsanta ya nutse cikin wani abu mai yauƙi kamar majina. Ta ruga waje tana kakarin amai. Da ta dawo ta tona sauran, ta sami na biyu shi ma ya narke. Zafi ne, ta ce a ranta. Ta kwashe kayan firij ta cusa biyar ɗin da suka rage.

A nan Goggo Ummuhan ta same su. Yayar Baba ce, gidanta na jikin nasu, cuku take yi. Ta buɗe firij za ta ajiye kindirmon da ta kawo, sai ta tsaya.

"Ke 'yar nan, ƙasa kuke ci yanzu a birni?"

Nurhayat ta faɗa mata komai, kanta a ƙasa. Goggo ta ɗebi ƙasar ta shinshina, ta murza, ta watsar.

"Wannan ai ba ta da rai, kamar garin gawayi. Ina tasu?"

"Funfuna ce fa duk ta cinye ta, Goggo."

"La ilaha! Funfunar ai ita ce nononsa, shashasha. Kin taɓa ganin an shuka salef a lambu ya yi? Me ya sa ubanki ya ɗauko ƙasa daga kan dutse da gurgun ƙugunsa, don ƙasa ta ƙare a gida? Kin raba jariri da uwarsa, kin yi masa wanka, kin gasa shi, yanzu kuma kin kai shi mutuware."

"Bai ce kada in canza ba."

"Bai kuma ce kada ki soya su da ƙwai ba. Wuce mu je."

Bayan garken ya jiƙe da ruwan sama. Awaki sun bi ta kan tulin ƙasar sun yi abin da suka saba. Nurhayat ta ɗauko safar roba, Goggo ta fizge.

"Da roba za ki gane ta? Sa hannu. Mai laushi, mai farin zare, ita za ki ɗiba. Kashin kuma ki tsince shi ɗaya ɗaya, ƙona saiwa yake."

Ta durƙusa. Sanyin abin ya shiga ƙarƙashin farcenta. Wata tana ta nannaɗe mata yatsa, ta yi ƙara ta yarfar. Wani tsohon bunsuru ya leƙo ta kan shinge yana huci a keyarta.

"Ga surukinki ya zo gaisuwa," in ji Goggo.

Da ƙyar suka haɗa abin da ya cika gwangwani biyar.

Sai maganar wuri. Goggo ta ce ɗakin ƙasa na gidanta, inda take ajiye cuku. Nurhayat tun tana yarinya ba ta shiga wurin. Cukun a cikin fatun awaki yake, da gashinsu da komai, an ɗinke su sun kumbura sun yi jere kamar gawarwaki, suna tsattsafo da maiƙo. Warin kuwa ba a hanci yake tsayawa ba, har a harshe ake jinsa. Ta ɗaure fuska da ɗankwali, ta ciro ma'aunin zafin da ke rataye a bangon ɗakin Baba ta bi matakalar da shi. Kusa da murhunta ashirin da biyar ya nuna, firij huɗu. A nan can ƙasa tara ne, ga duhu. Bakin ƙofa da rana goma sha takwas. A mataki na huɗu ya tsaya goma sha uku, kuma haske yana ɗan kaiwa.

"Na huɗu," ta ce ta cikin ɗankwali.

"Da kin tambaye ni. A nan nake jan mayafina kullum."

Kullum da safe sai ta sauka ta duba ma'auni. Idan rana ta yi zafi ta sauke su mataki ɗaya, idan iska ta juya ta hau da su. Gashinta ya kama warin cuku, a cikin bas wata mata ta matsa daga kusa da ita. Duk da haka biyu suka sake narkewa, ta kwashe su da cokali tana kau da kai. Idan Baba ya kira ya tambaya, sai ta ce suna nan, ta yi maza ta tambaye shi ƙugunsa.

Ran wata Talata a tsakiyar Nuwamba, kan duwatsu ya riga ya yi fari da ƙanƙara, ta ɗan ture ƙasar gwangwani ɗaya da tsinke. Wasu abubuwa farare, masu kauri, gajeru, sun yi cirko-cirko a wuyan dankalin. Tsigar jikinta ta tashi. Ta duba na biyu, haka. Na uku, haka. Ta suri gwangwanin ta hau da gudu za ta kifar.

"Goggo, tsutsa! Tsutsar cukunki ta shiga ta cinye su!"

"Tsutsa a cukuna? Ki iya bakinki." Goggo ta riƙe mata hannu, ta kai gwangwanin haske, ta taɓa ɗaya da farce. "Ta motsa?"

"A'a."

"To wace irin tsutsa ce mai ladabi haka? Saiwa ce, uwar tsabta. Rufe musu kafin iska ta sha su."

Nurhayat ta zauna a kan mataki ta sake kallonsu. Har yanzu kama da tsutsa suke yi mata. Ta mayar da ƙasar a hankali da yatsa.

Baba ya dawo farkon Disamba da sanduna biyu. Bai ko zauna ba ya ce a kai shi. A bakin ɗakin ƙasa ya tsaya ya leƙa. Ganye kore ya fito a gwangwani uku.

"Sauran huɗun fa?"

"Na wanke su, Baba. Na canza musu ƙasa. Ni na kashe su."

Ya ɗora sanda a mataki na farko, ya gwada ƙafa, fuskarsa ta murɗe, ya janye.

"Likita ya ce ni da matakala sai bayan wata huɗu." Ya share gumi. "Ukun nan kuma ba za a motsa su daga inda suka kama ba sai bazara. Yaushe otal ɗinku ke buɗewa?"

"Afrilu."

"To kin ga."

Goggo ta tuntsire da dariya har da riƙe ƙofa. Nurhayat ta dubi fatun da ke kumbure a ƙasa.

"Yau ranar ruwansu ce," ta ce. "Matsa min, Baba, ka tare hanya."