Saƙon da Ba a Auna Ba

Sadi ɗan Mero ba matuƙi ba ne, ko da yake duk gidan hayarmu na bayan sinimar Roxy, a unguwar Adjamé ta Abidjan, haka muke kiransa don tsokana. Aikinsa awo. Wani ƙaramin kamfani mai jigilar kaya ta jirgin sama yake yi wa aiki. Shi zai tsaya a auna kaya, ya rubuta nauyinsu a takarda, ya sa hannu, ya miƙa wa matuƙi, sannan ya shiga jirgin a tafi da shi.

To kun san halinmu. Mutum ba ya tafiya arewa ba a ɗora masa saƙo ba. Ranar da aka ji Sadi zai tashi, ƙofar Mero sai ta koma kamar tasha, kowace da ƙullinta, kowace tana cewa, "Ɗan abu ne kaɗan, ɗana." Da fari yakan karɓa ya cusa a lungun jirgi ba tare da an rubuta ba. Da abin ya yi yawa sai ya fara ƙi.

Na tuna ranar da ya zaunar da mu a tsakar gida, ana saura mako guda Sallah. Ya ja layi a ƙasa da tsinken tsintsiya.

"Inna, wannan titin jirgi ne. Jirgi sai ya yi gudu kafin ya ɗaga. In ya yi nauyi, gudun da yake buƙata ya ƙaru, titin kuwa ba ya ƙaruwa. Matuƙi da abin da na rubuta yake lissafi. In na yi masa ƙarya, lissafinsa ya zama ƙarya."

Tsahara mai sayar da goro ta kwashe da dariya. "Jirgin da ke ɗaukar mota ne huhun gorona zai gagara? Sau nawa ka kai, me ya faru?"

"Tanti, titin nan Abidjan dogo ne, yana rufa mana asiri. Wannan karon za mu yada zango a wani ƙaramin fili, titinsa bai kai rabin namu ba."

"An yi boko, an fi ƙarfin dangi," in ji wata daga baya.

Maganar nan ce ta soki Mero. Matan nan su suka tsaya mata lokacin da mijinta ya rasu, su suka riƙa kai wa Sadi abinci makaranta. Ta ja shi ɗaki, amma bangon gidan haya ba ya ɓoye magana. Na ji tana cewa, "Da wane ido zan kalle su? Wannan karon kaɗai, don darajar nonon da ka sha." Can ya ce, "To, Inna. Amma abin da ke ƙofar nan ya isa, kada a ƙara ko allura."

Daga Abidjan lafiya lau suka tashi. A ƙaramin filin can suka sauke wasu kaya, suka ɗauki wasu, saƙonmu yana ciki. Da tsakar rana suka sake yunƙurin tashi. Su biyar ne a jirgin, ba wanda ya fito da rai.

Bayan wata bakwai Mero ta ce in raka ta Treichville wurin Malam Abdulra'uf, wanda ya yi shekara talatin yana gyaran jirage kafin ya buɗe shagon tukwane a gefen kasuwa. An ce ya karanta rahoton masu bincike. Muka hau bas muka haye gada muka isa.

Ya ba mu benci, ya yi mata ta'aziyya. Ita kuwa ta shiga lissafa masa saƙon: huhun goro biyu, buhun busasshen garin rogon nan acheke, atamfa turmi ashirin, kwalin sabulu huɗu.

"Malam, ka gaya mini tsakaninka da Allah. Su ne?"

Ya cire tabarau ya goge. "Hajiya, jirgi ba kasafai abu ɗaya ke kayar da shi ba. Titin gajere ne. Rana ta yi zafi, iskar zafi kuwa ba ta tallafar fiffike sosai. Injin hagu ya yi rauni ana tsakiyar gudu, lokacin sun wuce inda birki zai iya tsayar da su. Sannan an tarar nauyin ya zarce na takarda."

"Da babu saƙon, zai tashi?"

"An ce tayoyinsa sun bar ƙasa. Katangar ƙarshen filin ya taɓa, da kaɗan."

"Kaɗan kamar yaya?"

Ya buɗe tafin hannunsa, ya duba, ya rufe. "Wallahi ban sani ba, Hajiya. Masu binciken ma ba su sani ba."

Da ya ce mata eh, da ta san abin da za ta nemi gafara a kai. Da ya ce a'a, da ta samu barci. Haka muka hayo gada muka dawo Adjamé. Yanzu Mero ba ta zama a tsakar gida. In ta ga an ɗaure ƙulli za a ba matafiyi, sai ta shige ɗaki ta rufo ƙofa.

Lissafin da ta yi wa Malam bai cika ba. Akwai jarkar man ja mai lita ashirin da biyar, da aka tura ƙarƙashin buhun acheke bayan Sadi ya ce kada a ƙara. Ƙanwata za a kai wa, ta daɗe tana roƙo. Kullum da safe nakan kai wa Mero koko, in zauna kusa da ita, in buɗe baki zan faɗa mata. Sai in ɓuge da tambayarta yaya ciwon ƙafarta.