Mai Askin da Ya Fito a Sufeto

Ranar da ƙanwar matarsa ta ce tana so ya fito a fim ɗinta, mai aski dariya ya yi har sai da ya kashe injin askin.

"Ni? A me zan fito?"

"A Sufeto mai cin hanci. Yaya, fuskarka ce ta dace, ko kwalliya ba sai an yi maka ba."

"Ji min ja'irar yarinya!"

Amma ya yarda. Da kyamarar aro aka yi fim ɗin, 'yan wasan duk dangi ne da abokai. Labarin wani kurtu ne da ya ƙi yarda a rufe maganar direban da aka kashe a shingen bincike, Sufeto kuwa ya ɗaura masa sharri har aka kore shi daga aiki.

A wani ɗan zauren taro aka fara nunawa, da yammacin Asabar. Kujerun roba suka cika, wasu na tsaye. Mai aski ya laɓe a baya. Da Sufeto ya yi murmushi yana tura ambulan a aljihu, wata mata ta miƙe ta nuna allon.

"Allah ya isa! Azzalumi!"

Aka kwashe da dariya. Amma da aka zo inda matar direban ke zaune a bencin ofishin 'yan sanda, tun safe ba wanda ya dube ta, sai zauren ya yi tsit. Wani dattijo kusa da mai aski ya cire tabarau yana goge ido.

A waje Inna, mahaifiyar mai aski, ta ƙi kallon ɗanta.

"Inna, wasa ne fa."

"Na sani. Amma wannan mugun murmushin a ina ka koyo shi? Ba dai a gidana ba."

Daga ranar shagonsa ya koma majalisa. Wani malamin makaranta ya ce an zuzuta abin a fim ɗin. Wani direban tasi ya ce ko rabi ba a nuna ba, shi da ke kan hanya kullum ya sani. Suna cikin wannan musu wata safiya sai ga wani Saje ya shigo da kakinsa, ya cire hula ya zauna a kujera. Nan take direban tasin ya tuna yana da fasinja, ya fice.

Mai aski ya yafa wa Saje ƙyalle.

"Na kalli fim ɗinku," in ji Saje, yana dubansa ta madubi.

"Yallaɓai, ni fa sa ni aka yi."

"Kwantar da hankalinka. Na yi aiki a ƙarƙashin irinsa, ba ku yi ƙarya ba. Abu ɗaya ne ya ɓata min rai, korar yaron nan. Muna da irinsa a ofishinmu. An wahalar da shi, an jefa shi inda ba mai so, amma yana nan daram." Ya ɗan karkata kai don a gyara masa gefen kunne. "Ni nake horar da sababbin ɗauka. Na roƙi Oga a nuna musu, ya yarda. Ka gaya wa daraktar ta zo, kai ma ka zo."

Suka je. A wani aji mai dogayen bencina aka rataye farin zane. Kuratan ba su yi ihu ba, ba su yi dariya ba. Da aka gama, tambayoyi suka yi ta jefo wa ƙanwar matarsa har muryarta ta dishe. Ɗaya ya ce an ci zarafinsu, na kusa da shi ya ce masa ya bar maganar, shi kawunsa direba ne.

A bakin ƙofa wata 'yar sanda, yarinya ƙarama, ta tare mai aski.

"Baba, kada ka ji haushi, amma wallahi na tsane ka a fim ɗin nan."

"Madalla, 'yata," ya ce. "Allah ya sa ki ɗore a haka."