Rabon Mai Tuƙi

Lailatu ba ta taɓa ƙona abinci ba, kuma ba ta ɓoye wa kowa wannan labari. Tun tana ƙaramar sakandare take girki a gidansu da ke Kazaure, yanzu ga shi ta gama makaranta tana jiran sakamako, ba ta da wani aiki sai shi. Wasu 'yan matan in sun riƙe waya hira suke yi. Ita kuwa kallon mata take suna soye-soye a ƙasashen da ba ta san sunansu ba, in ta gama sai ta shiga kicin ta gwada a kan mutanen gida.

Mahaifinta, Malam Mele, ma'aikaci ne a sakatariyar ƙaramar hukuma, mutum ne mai haƙuri. Ya ci taliya da madarar kwakwa, ya ci ɗanwake da aka jera masa a faranti kamar za a kai gasa, ya kuma taɓa cin wani abu kore wanda har yau ba a gaya masa sunansa ba. Kullum maganarsa ɗaya ce: "Allah ya yi albarka." Mahaifiyarta Zulaiha tana koyarwa a firamare, ta daɗe da sallama mata kicin ɗin ba tare da an roƙe ta ba.

Abin alfaharin Lailatu shi ne murhun gas da wata tukunya mai santsin ciki da aka kawo mata daga Kano. Ko da gangan mutum ya so abinci ya kama a cikinta, ba zai kama ba. In ta kwashe tuwo, tukunyar fes take fitowa, ɗauraya kawai ake yi mata.

Ana haka kakanta na wajen uba ya rasu a Gwiwa. Da matarsa ta fita takaba, Malam Mele ya ɗauko ta ya dawo da ita gabansa. Asalinsu mutanen Barno ne, kowa Ya Kaka yake ce mata, ɗanta kuwa Ya kawai, wato uwa. Ta zo da akwati ɗaya, da tabarma, da buta, da wata baƙar tukunyar ƙarfe da muciya a ciki. Lailatu ta dubi tukunyar, ta dubi kicin ɗinta, ta ga ba za su daidaita ba. Ta kife ta a bayan ɗaki kusa da akurkin kaji.

"Ya, kin gama wahala," in ji Malam Mele. "Daga yau ko cokali ba za ki ɗaga ba. Ga jikarki nan, gwana ce."

Ya Kaka ta ce to. Ta shiga ɗakin da aka gyara mata, ta zauna.

Daga nan ta daina cin abinci.

Ba wai ta ƙi karɓa ba. Lailatu za ta kawo mata a tire, kwano da murfi, cokali a naɗe cikin tsumma mai tsabta. Ya Kaka za ta buɗe, ta sa albarka, ta kai loma ɗaya, ta mayar da murfi. Da farko Lailatu ta ɗauka ƙalubale ne, har ta ji daɗi. Ta yi mata farfesun kaza. Ta yi mata shinkafa da kayan lambu kala-kala. Ta yi waina mai laushin da ko marar haƙori zai ci. Duk loma ɗaya.

"Ya Kaka, wai ke me kike so ne a duniya?"

"Aljanna."

"A'a, na ci nake nufi."

"Wannan ma ya yi. Kai wa ubanki, shi ba ya zaɓe."

Sai Lailatu ta tuna asali. Ta kwana biyu tana tambaya, ta samo yadda mutanen Barno ke yin burabusko, ta turara shi da kyau, ta haɗa da miyar yakuwa. Ya Kaka ta buɗe, ta sunsuna, ta ce, "Wannan ai irin na gidan biki ne. Wa ya haihu?" Ta kai lomarta ɗaya, ta rufe.

Abu kamar wasa, ƙaramar magana ta zama babba. Zanen Ya Kaka ya fara zagaye ta sau biyu. In za ta tashi alwala sai ta dafa bango. Malam Mele ya kai ta asibiti, likita ya duba iya dubawarsa, ya ce bai ga wani ciwo ba, tsohuwa dai ba ta cin abinci, kuma in aka ci gaba a haka jikin ba zai ɗauka ba. Ya rubuta maganin buɗe ciki. Ya Kaka ta sha maganin, cikin bai buɗe ba.

A nan ne tsoro ya kama Lailatu, tsoro na gaske. Ta daina ɗaukar hoton abincinta. Tana yanka albasa tana kuka, kuma ta san ba albasar ba ce. Kakarta za ta mutu da yunwa a gidan da ake dafa abinci sau uku, ita ce kuma mai dafawar.

Wata ranar Talata da hantsi, ta ɗora ruwan tuwon dawa, gas ya yi fuf ya mutu. Malam Mele yana ofis, Zulaiha tana makaranta, babu mai zuwa ciko. Lailatu ta sauke tukunyar. Sannan ta leƙa gidan maƙwabciyarsu Dela ta aro itace, ta jera duwatsu uku a tsakar gida. Tukunyarta ta Kano kuwa, ko da wasa ba za ta ɗora ta a kan hayaƙi ba. Dole ta sa ta je bayan ɗaki, ta kori kazar da ke kwance a kai, ta ɗauko baƙar tukunyar ta wanke.

Wutar itace ba ta da abin murɗawa, wannan Lailatu ba ta taɓa lura da shi ba. Ta yi talge, ta zuba gari, ta kama tuƙi, wuta na ci son ranta. Hayaƙi ya shiga idonta, gumi ya jiƙa ɗankwalinta. Kafin ta ankara ƙauri ya tashi. Ta kwashe abin da zai kwasu, ta leƙa ciki, ta ga gindin tukunyar ya kama ram, ja a tsakiya, baƙi a gefe.

Kunya ta rufe ta. Ta waiga, ba kowa. Ta ɗauki tukunyar da tsumma ta mayar bayan ɗaki, ta yi niyyar in ta yi sanyi ta kankare ta ba wanda ya sani. Ta zaɓi malmalar da ta fi kyau, ta sa a kwano, ta rufe, ta kai wa Ya Kaka. Loma ɗaya.

Bayan azahar tana wanke-wanke ta ji wani sauti daga bayan ɗaki, ƙarr, ƙarr. Ta ɗauka kaji ne, ta taho da tsintsiya.

Ya Kaka ce zaune a ƙasa, ta miƙe ƙafafu, tukunyar na tsakaninsu. Ta yayyafa wa ƙanzon ruwan buta ya ɗan yi laushi, tana kankara da bayan cokali, tana kaiwa baki. Matar da ba ta iya zuwa alwala sai da bango, ita ce ta zagayo har nan. Kumatunta na motsi ba tsayawa.

Lailatu ta tsaya da tsintsiya a hannu.

"Wutarki ta yi yawa," in ji Ya Kaka, ba ta ko ɗago ba. "Gefen nan gawayi ne. Akwai ƙuli-ƙuli?"

Akwai. Lailatu ta ruga ta daka, ta yanka albasa, ta kawo da ɗan mai da yaji. Ya Kaka ta kwaɗa da hannunta a cikin tukunyar, ta ci gaba da ci. Sai da Ya Kaka ta kusa kai wa ƙarfen tukunyar sannan Lailatu ta yi magana.

"Ya Kaka, duk abin da na dafa miki, ƙanzo kike so? Ai da kin faɗa."

"In faɗa wa wa? Ana roƙon ƙanzo ne?" Ta lashe yatsa. "Tun da aka kai ni gidan kakanki ban taɓa cin malmala ba. In na tuƙa, na raba wa kowa, na ji gida ya yi shiru sai ƙarar kwanuka, sai in jawo tukunyata in zauna. Nan ne nawa. Abinci a tire da murfi, na baƙo ne, Lailatu. Baƙo kuwa loma ɗaya yake yi, ya gode, ya fara shirin tafiya."

Lailatu ta zauna a ƙasa kusa da ita. Ta ƙura wa tukunyar ido. Ita ce ta kife tukunyar nan da hannunta.

"Yau ma sata na yi," in ji Ya Kaka. "Ƙanzo na mai tuƙi ne. Naki na ci."

Washegari Malam Mele ya ciko gas tun da safe. Da ya dawo aiki ya tarar da hayaƙi a tsakar gida, gas ɗin na kicin ba a taɓa shi ba. Mahaifiyarsa na kan kujera 'yar tsugune a gaban murhu, ta riƙe muciya. Hannunta ba ƙarfi, muciyar ko motsi ba ta yi sai Lailatu ta kama daga ƙasa ta juya. A haka suke tuƙin, ɗaya na aiki, ɗaya na faɗa.

"Ya, ba na ce kin gama wahala ba?"

"Matsa, ka tsare mana iska."

Ya matsa. Da aka kawo masa tuwon ya ji ɗan ƙauri, karon farko a tarihin gidan. Ya dubi tuwon, ya dubi ƙofa, ya ce, "Allah ya yi albarka."

Can bayan ɗaki kuwa, Ya Kaka ta ja layi da cokali a gindin tukunya, ta raba ƙanzon gida biyu. Ta tura wa Lailatu ƙaramin, ta jawo babban gabanta.

"Ai ni na tuƙa," in ji ta.