Fitsarin da Ya Raba Alhaji Inusah da Ƙarshen Fim

Duk Bazango, wato ɗan Zangon Kumasi, da ke zaune a unguwar Parkchester can ƙasar Turawa ya san abu biyu game da Alhaji Inusah: ya yi shekara talatin yana tuƙa tasi, kuma shi ne ya kalli fim ɗin Mai Alkyabba a Kumasi tun yana saurayi. Ba sunan fim ɗin ke nan ba, 'yan Zango ne suka raɗa masa, saboda jarumin wani dogon Bature ne mai wushirya da ke tashi sama da koriyar alkyabba. Alhaji na son jarumin nan kamar ɗan uwansa na jini. Ko wurin suna aka je, da an gama cin shinkafa sai ya gyara zama ya ɗauko labarin daga farko.

Abin da babu wanda ya sani shi ne, Alhaji bai taɓa ganin ƙarshen fim ɗin ba. Ranar da ya shiga silima ya ɗirki lamurje kofi uku, fim na tsakiyar daɗi fitsari ya matsa masa. Ya fita da gudu, da ya dawo mai gadi ya ce wanda ya fita ya fita. Ga abokai a unguwa suna jiran labari, ga Damata, yarinyar da yake nema, ta zo har da kujerarta. Sai bawan Allah ya ƙirƙiro nasa ƙarshen. Wai bayan jarumi ya gama da mugu, sai ya sauka ƙauyensu, ya tuɓe alkyabba, ya durƙusa gaban tsohuwarsa yana neman gafarar daɗewar da ya yi. Damata ta yi hawaye ranar, bayan shekara guda kuma ta aure shi.

Shekara arba'in da biyar yana ba da wannan ƙarshe, yana ƙara masa gishiri, har tsohuwar ta samu akuya. In yara suka ce a kunna fim ɗin a talabijin, sai ya ɗaure fuska ya ce raini ne a kalli Mai Alkyabba a ƙaramin akwati. Shi kansa tsoron dubawa yake yi.

Sai jarumin ya rasu. Alhaji ya yi jimami na gaske, ya yini bai fita aiki ba. Bayan mako biyu 'yarsa Sherifa ta shigo da murna.

"Baba, za a nuna fim ɗinka a babban silima ranar Lahadi, don tunawa da shi. Na sayi tikiti, kai da Mma da ni, har da Baba Abdul-Karim."

Alhaji ya fara neman hanyar zillewa. Abdul-Karim amininsa ne, amma bakinsa ba ya riƙe magana, in ya ji abu da azahar, kafin la'asar an ji shi har can unguwar Stapleton mai nisa. Alhaji ya ce gwiwarsa na ciwo, Sherifa ta ce akwai lifta. Ya ce yana da taron masallaci, Damata ta ce an ɗaga shi. Haka aka tasa shi gaba bayan sallar azahar, ya sha babbar riga, suka hau jirgin ƙasa mai lamba shida. Ruwa kuwa ko kurɓa bai yi ba tun safe.

Da fuskar jarumin ta cika bango, Alhaji ya manta da tsoronsa. Ga wushiryar nan, ga ƙuruciya, kamar bai taɓa tsufa ba balle ya mutu. Alhaji ya ji ƙwalla ta cika masa ido, don ya tuna shi ma a lokacin yana da gashi da haƙora cikakku. Ya riƙa faɗa wa Abdul-Karim abin da zai faru kafin ya faru, har wata mata a baya ta ce a yi shiru.

Aka iso wurin da fitsari ya fitar da shi. Daga nan Alhaji ya daina faɗin abin da zai faru. Jarumi ya cafki mugu, ya miƙa shi ga 'yan sanda, ya ɗaga wa jama'a hannu, ya lula cikin gajimare. Rubutu ya fara hawa. Babu ƙauye, babu tsohuwa, akuya kuwa ko kukanta ba a ji ba.

Abdul-Karim ya juyo a hankali, bakinsa har ya fara motsi.

"Alhaji, ina tsohuwar?"

Kafin Alhaji ya samo numfashi, Damata ta miƙe ta ja tsaki mai ƙarfi.

"Mutanen ƙasar nan ba su da kunya, wallahi! Sun yanke wurin uwar. In dai girmama iyaye ne, ba sa son a gani."

"Haka suke," in ji Abdul-Karim, yana girgiza kai. "Bari ka ga, yau sai kowa ya ji abin da suka yi."

A jirgi, Sherifa da Abdul-Karim suka samu wuri can gaba. Alhaji ya zauna kusa da matarsa, kunya ta hana shi ɗaga ido.

"Hajiya, akwai maganar da ban taɓa gaya miki ba."

"Riƙe abarka," in ji ta. "Tsohuwar Baturiyar nan da na yi jinyarta shekara shida, kullum sai ta sa an kunna mata fim ɗin. Na fi ka sanin fim ɗin nan."

"Kuma kika yi shiru?"

"Me zan ce? Nasu ya ɗaga hannu ya tafi abinsa. Kai kuwa aka bar maka ƙarshe a hannu, ka mai da mutum gaban uwarsa. Ranar da na gane haka na ce wannan ba zai yar da ni ba."

Alhaji ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya daɗe yana gogewa, har jirgi ya wuce tasha biyu.