Majigi a Jikin Bijimi

A shekarun da kuɗin fetur suka fara kwararowa har bakin iyakar Jibiya, kowa ya sayi abin da ransa ke so. Lado ya sayi majigi. Sai dai ba ya nuna labari. Zaren fim yake kankarewa da allura, ya shafa masa lalle da shuni, ya haska, yana juya injin da hannu. Duk inda ya nuna, jama'a kan watse. Babban burinsa a duniya shi ne mutum guda ya tsaya ya dubi aikinsa da idon basira.

Wata rana bayan magariba, ya tarar da Mamman, falke daga Maraɗi, yana jiran a duba farin bijiminsa kafin a shigar da shi kasuwa. Lado ya roƙi aron gefen bijimin, ya haɗa injin da batirin wata mota, ya laɓe bayanta ya haska. Ɗigo ja da shuɗi suka riƙa yawo a kan haƙarƙarin dabbar.

"Lado, ina dambe? Ina rawa?" in ji wani ɗan dako. Aka fashe da dariya.

Ana haka malamin dabbobi ya iso, sabon zuwa ne, bai san da majigi ba. Ya tsaya cik, ya gyara tabarau, ya durƙusa.

"Ku yi shiru! Dubi yadda jan ke cinye shuɗin, sannan ya haifi wani. Ban taɓa ganin irin wannan ba."

Hawaye suka cika idon Lado. Abin da yake nufi ke nan tun farko, yau ga wanda ya gani.

"Wannan cuta ce," malamin ya ci gaba. "Bijimin ba zai shiga ba, kuma a nemo wuƙa."

"Ranka shi daɗe, lahiya lau na taho da shi!" Mamman ya yi kururuwa. "Lado, don girman Allah kashe abin ga!"

Lado ya san abin da ya dace ya yi, amma ɗan Adam ne, hannunsa ya ƙi tsayawa. Malamin kuwa sai yabon cutar yake yi, yana kwatanta kyan tsarinta. Sai da mahauci ya fara wasa wuƙa sannan Lado ya runtse ido ya zare waya.

Bijimi ya koma fari fat. Da aka yi wa malamin bayani, ya kakkaɓe gwiwarsa, ya dubi injin a wulaƙance.

"Ashe shirme ne," ya ce, ya ba da izinin wucewa.

Mamman ya ja dabbarsa yana godiya ga Allah. Lado ya bi malamin da sauri.

"Malam, kafin ka san shirme ne, me ka ce jan yana yi wa shuɗin?"